Kalmomi huɗu na Italiyanci da ya kamata ƴan uwanmu na Italiya su riƙe



Yawancin ƴan Nijar da ke bin hanyar Agadas a Libiya ko Aljeriya suke tsayawa, amma akwai waɗanda suka ƙetare teku har Italiya. Ba muna zuga kowa ya bi su ba ne. A shekarar 2023 kaɗai sama da mutum 2,000 suka mutu ko suka ɓace a tekun da ke tsakanin Libiya, Tunisiya da Italiya. Maganarmu yau kan waɗanda suka riga suka isa ne.

Duk wanda ya sauka can, kalmomin da yake fara kamawa su ne lavoro, wato aiki, da documenti, wato takardu. Mu dai muna ganin akwai jimla guda da ta cancanci shiga sahun farko: "Cerco un posto tranquillo", ma'ana ina neman wuri mai natsuwa.

Faɗinta bai da wuya ga Bahaushe. "Ce" ta farko daidai take da "ce" ɗinmu, sai a ce "cerko un posto tarankwillo", a ninka "l" kamar a cikin "sallama". Wanda ya yi lakwal zai gane ta nan take, don ƴar uwar "tranquille" ce ta Faransanci. A fara da "scusi", wato gafara dai. In salla za a yi, a ƙara "per pregare". In waya ce, "per telefonare".

Me ya sa muka damu da ita? Cunkoso ne abin da baƙo ke fara tararwa. Sansanin tsibirin Lampedusa an yi shi don mutum kamar 400, amma a watan Satumba na 2023 dubbai suka sauka cikin kwana biyu. Masu tsinkar tumatir a yankin Foggia kuwa, da yawansu a bukkokin kwano da leda suke kwana, ɗaki cike. Mutum bai samu inda zai yi salla a natse ba, bai samu inda zai kira uwarsa ya ji muryarta da kyau ba, ina hankali zai kwanta?

Masallatai ma ba kamar gida ba ne. Akwai babba a Roma tun 1995, amma a garuruwa da dama ɗaki ne ko gareji aka mayar wurin salla. Wanda ya shimfiɗa darduma a ƙofar gidan mutane, ko ya ɗaga murya a waya tsakar dare, zai iya jawo wa kansa rigima da maƙwabta, har ta kai ga ƴan sanda, alhali takardunsa ba su fito ba. In ya tambaya da ladabi, sai a nuna masa parco, lambun shaƙatawa, ko biblioteca, ɗakin karatu na gari da ake shiga kyauta. Matambayi ba ya ɓata.

Mu na gida ma da namu nauyin. In ɗanmu ya kira, kada tambayar ta tsaya kan yaushe zai turo kuɗi. Mu tambaye shi yadda yake barci, da inda yake salla. In muka ji muryarsa a dame, mu ce masa "tranquillo", don haka su ma Italiyawa ke cewa in suna nufin kwantar da hankalinka.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida lafiya.