Sabuwar Motar NASCAR: An Yi Ta Ihu Kan Lamba, Alhali Matsalar Tana Cikin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa wayar gari ya tarar manhajar da ya saba da ita ta canza fuska, maɓallin da yake dannawa kullum ya koma wani lungu, ya san irin haushin da magoya bayan NASCAR suka ji a shekarar 2022. NASCAR ita ce babbar gasar tseren motoci ta Amurka, wadda Bill France ya kafa a 1948. A waccan shekarar ta 2022 hukumar ta ajiye motar da ake tsere da ita tun 2013, ta fito da sabuwa mai suna Next Gen. Tun motar ba ta taka fili ba aka fara cece-kuce, kuma har yau ƙura ba ta lafa ba.

Canje-canjen ba ƙanana ba ne. Taya mai noti biyar ta koma mai noti ɗaya a tsakiya. Wilin ƙarfe mai inci 15 ya koma na alminiyam mai inci 18. Giya huɗu ta koma biyar, irin wadda ake turawa gaba ko a ja baya kawai. An saka kyamarar da ke nuna wa direba bayansa a allo, an sauya tsarin ƙafafun baya yadda kowace taya ke motsi ita kaɗai. Sannan aka matsar da lambar motar daga tsakiyar ƙofa zuwa gaba, domin kamfanonin talla su sami fili.

A cikin duk waɗannan, lamba da noti ne suka fi jan surutu. Dalili a fili yake: su ne ido ke gani a hoto. Mutum yana latsa wayarsa, ya ga lambar gwaninsa ta gusa, sai ransa ya ɓaci. Ba laifi ba ne mutum ya so abin da ya saba da shi, amma wannan fushin bai da nauyin da aka ba shi. Lamba ba ta hana mota wuce 'yar'uwarta, ba ta kuma taɓa ji wa kowa ciwo ba.

Abin da ya ji wa mutane ciwo yana ƙarƙashin bodi. An ƙera bayan motar da tauri fiye da kima, ta yadda idan ta bugi katanga da baya, ƙarfen ba ya lotsewa ya shanye ƙarfin karon, sai ya miƙa shi ga jikin direba. A watan Yulin 2022 Kurt Busch, wanda ya taɓa cin kofin gasar a 2004, ya bugi katanga da baya a filin Pocono. A ido karon bai kai ya kawo ba, amma ya sami girgizar ƙwaƙwalwa, kuma bai sake komawa tseren gasar ba. A watan Satumba irin haka ta sami Alex Bowman a Texas, ya rasa tsere biyar. A watan ne kuma motar Kevin Harvick ta kama da wuta a Darlington ba tare da ta yi karo da kowa ba, ya fito ya caccaki ingancin kayan da aka haɗa ta da su. Sai da direbobi suka ɗaga murya sosai kafin hukumar ta sake fasalin bayan motar don kakar 2023.

Masu rubuta manhaja sun san wannan ciwon. Canza launin maɓalli kan jawo ƙorafi dubu, amma kuskuren da ke cinye bayanan mutane a ɓoye sai 'yan ƙalilan ke lura da shi. Kamfanin da ke auna matsala da yawan ihu zai gyara launi ya bar ɓarna. Wanda kuma ya ce ai masu amfani kullum cikin ƙorafi suke, zai toshe kunne har ranar da ƙorafin gaskiya zai zo.

NASCAR tana da dalilin yin taurin kai, domin ta taɓa ganin irin wannan. Bayan mutuwar Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a 2001, ta shafe shekaru tana ƙera mota mafi aminci, wadda ta fito a 2007 da sunan Car of Tomorrow. Magoya baya sun tsane ta. Tana da fiffike a baya, ta yi kama da akwati, ba ka bambance Ford da Chevrolet sai da sitika. Kyle Busch ya ci tseren farko da ita a Bristol, ya sauko ya kushe ta a gaban kyamara. An cire fiffiken a 2010. Amma a cikin motar da aka tsana ɗin ne Michael McDowell ya daki katanga a Texas a 2008, ta yi ta ƙundumbala, ya fito da ƙafafunsa. Tun bayan Earnhardt babu direban da ya mutu a tseren babbar gasar. Mummunar mota ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa.

Sai dai akwai wurin da magoya baya suka yi gaskiya game da Next Gen, kuma sun riga hukumar ganewa. A manyan filaye masu mil ɗaya da rabi, kamar Kansas da Charlotte, tsere ya yi daɗi, kuma direbobi 19 daban-daban suka yi nasara a kakar 2022. A ƙananan filaye irin su Martinsville da Richmond, inda gasar ta samo asalin farin jininta, abin ya lalace. Tayoyi sun ƙara faɗi, birki ya ƙara ƙarfi, inji kuma ya tsaya a ƙarfin doki 670, alhali a 2014 ya haura 800. Direba ya yi kuskure a kwana, sai ya sauke giya ya gyara, na bayansa bai sami kafar wucewa ba. Mota ta yi sauƙin tuƙi har gwaninta ta daina bambanta mutane. Ba mamaki abin da aka fi tunawa a Martinsville a shekarar shi ne dabarar Ross Chastain, wanda ya manna motarsa a katanga ya taka totur har ƙasa a kwanar ƙarshe, dabarar da ya ce a wasan bidiyo na GameCube ya koye ta yana yaro. Hukumar ta haramta yin hakan a 2023.

Akwai kuma batun kayan haɗi. A da kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta a garejinta. Yanzu yawancin sassan daga kamfanonin da hukumar ta zaɓa ake sayen su, kuma wanda ya taɓa su ya sha tara da ragin maki. Masu waya sun san wannan tsarin: na'ura taka ce, amma ba ka da ikon buɗe cikinta yadda kake so. An yi hakan ne don rage kashe kuɗi da kuma bai wa ƙananan ƙungiyoyi dama, kuma ya ɗan yi tasiri. Abin da aka rasa shi ne basirar makanikai, wadda ita ce rabin labarin wannan wasa tun farkonsa. Idan motoci duk iri ɗaya ne kuma gudunsu ɗaya, wa zai wuce wa?

Hukumar ta yi ta gwada sauye-sauyen iska da tayoyi masu saurin cinyewa a ƙananan filaye, tana kauce wa abin da direbobi irin su Denny Hamlin da magoya baya suka daɗe suna nema, wato ƙarin ƙarfin inji. Sai a ƙarshen 2025 ta sanar cewa daga 2026 za a ɗaga shi zuwa doki 750 a filayen da ba su kai mil ɗaya da rabi ba da kuma masu kwana-kwana. Kaka huɗu aka yi kafin a kai ga haka. Lambar kuwa tana nan a gaban ƙofa inda aka matsar da ita, kuma da wuya yanzu ka ji wani ya tayar da maganarta.