Wake ba ya ciyar da malalaci

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Masauki ne da shukar ta gina wa wasu ƙwayoyin halitta da ake kira rizobiya. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska da kanta. Baƙin nan ke sarrafa mata shi, ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana.

Malamai kan koyar da wannan a matsayin zumunci. Ni a ganina ciniki ne, kuma mai masaukin ba ya yarda a cuce shi. A shekarar 2003, Toby Kiers da abokan aikinta a Amurka sun hana wasu ƙulle-ƙullen waken suya samun naitirojin, don kada baƙin ciki su iya aiki. Sai shukar ta rage musu iskar numfashi, har yaɗuwarsu ta ragu da kusan rabi. Haka kuma idan ƙasa ta cika da naitirojin, shukar takan rage gina masaukin, tunda abin da take saye ya samu a banza.

Nan darasin yake ga manomanmu. Wanda ya kwarara wa wake yuriya ya yi asara biyu: ya kashe kuɗi, ya kuma sa an sallami ma'aikatan da gonar ke da su. Abin da haɗin ya fi buƙata shi ne fosfaras, wato takin sufa, wanda ƙasarmu ke ƙarancinsa. Manomi na iya duba ko cinikin na tafiya: ya fasa ƙulli ɗaya, in cikinsa ja-ja ne, aiki na gudana.

Kada kuma mu zuzuta ribar. Yawancin naitirojin ɗin yana cikin ƙwaya da harawa. Idan aka kwashe duka aka kai kasuwa, kaɗan ne zai rage wa gero da dawar baɗi. Gona ba ta cin moriyar wake sosai sai harawar da dabbobi suka ci ta dawo mata a matsayin taki. Ya kamata malaman gona su riƙa faɗa wa manoma wannan lissafi kafin su ce musu wake na gyara ƙasa.