Gudu Ba Ƙaddara Ba Ne

A Kongo, gefen Tudun Wada, waje da ganuwar birnin Zazzau, akwai wata makaranta da aka kafa a 1947 don koyar da akawuna. Daga baya ta zama inda ake horar da ma'aikatan En'e da alƙalai, a 1962 kuwa aka shigar da ita cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Har yau a nan ake karantar da lauyoyi. To, abin takaici shi ne, dokar da ake koyarwa a cikin aji ita ake takewa a bakin ƙofa. Wanda ya tsaya nan da hantsi zai ga mai mota ya taho kamar an koro shi, ɗan acaɓa ya bi hannun da ba nasa ba, mai keke napep ya ci birki tsakiyar kwalta don ya hangi fasinja.

In an banke yaro, sai jama'a su taru, a yi salati, wani ya ce, ai ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Daga nan magana ta mutu. Ba mai musun ajali. Amma wanda ya saki akuyarsa ta ci dawar maƙwabci ba ya zuwa gaban alƙali ya ce ƙaddara ce, biya ya kan yi. Don me za a karɓi wannan hanzari daga bakin wanda ya taka totur da ƙafarsa, yana kallon agogon mota da idonsa?

Dokar Nijeriya ta yanke wa ƙaramar mota kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Kano. Ba da ka aka tsinci waɗannan lambobi ba, lissafi ne. Motar da ke gudun kilomita 50 tana cin wajen mita 14 a kowace daƙiƙa, watau kafin direba ya ga yaro, ya ɗaga ƙafa ya kai ga birki, ta riga ta wuce tsawon ɗakuna uku ko huɗu. Sa'an nan ga abin da yawancin direbobi ba su sani ba: in aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki ba sau biyu ya ke ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Laya ba ta rage shi, gwaninta kuma ba ta rage shi. Mai shekara talatin a kan sitiyari da wanda ya karɓi lasin jiya, duk lissafin ɗaya ne.

Me ake samu cikin gudun? A ce tafiyar kilomita 3 ce a cikin gari. Mai bin doka zai kai cikin minti uku da rabi da 'yan kai. Mai gudun kilomita 80 zai riga shi da abin da bai kai minti ɗaya da rabi ba. Iyakar ribar ke nan. Mutumin nan kuwa in ya isa, ya kan ɓata fiye da haka wajen gaisuwa. Sabo da wannan ɗan lokaci ne ake cika gadaje a asibitin Shika da masu karyayyun ƙafafu. Balle a cikin birni, inda aka fitar da lunguna tun zamanin jaki da doki, ƙofar zaure na buɗewa kan hanya, yara na fitowa da gudu da allo a hannu.

Waɗansu su kan ce mutanen ƙasar nan ba su iya bin doka, wai halinsu ne. Wannan ƙarya ce. Ran 2 ga Afrilu 1972 aka juya tuƙi daga hannun hagu zuwa na dama a Nijeriya duka, direbobin da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba suka koya, suka bi. Ashe iyawa akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne so. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a 2009 ta tilasta wa masu babur sa hular kwano, sai waɗansu suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. An yi dariya ƙwarai. Kwalta dai ba ta san wasa ba, ba ta kuwa bambanta ƙwarya da ƙoƙon kai.

Laifin bai tsaya ga direba kaɗai ba. Akwai mai motar da ke yanka masa kuɗin da ba ya samuwa sai ya yi sawu fiye da kima. Akwai ma'aikacin da ke miƙa hannu ya kau da kai. Akwai kuma fasinja, wanda ya fi kowa hasara, ya fi kowa shiru. Shi ne ke zugawa, yana cewa direba ya taka don ya makara, ko kuwa ya ƙunshe baki yana ta addu'a a zuci, mota na rawa da shi. Ya biya kuɗinsa, yana da ikon cewa a rage gudu. In direba ya ƙi, yana da ikon cewa a tsaya a Ƙofar Doka ya sauka, ya nemi wata.