Wutar Hiroshima ba da fure za a kashe ta ba

Yau magana ce da ni a kan shugabannin da ke zuwa Dandalin Zaman Lafiya na Hiroshima su ajiye furanni, su sunkuyar da kai, sannan su koma gida su ci gaba da tattalin bama-bamansu.

Na shiga wurin da ƙafata lokacin da Baba ya tura ni Japan sayo kayan gyaran mota. Ranar 6 ga Agusta 1945, ƙarfe 8:15 na safe, Amurka ta jefa wa garin bam ɗin nukiliya, kafin shekarar ta ƙare kimanin mutum 140,000 sun mutu. A tsakiyar dandalin akwai wata wuta da aka kunna a 1964, da ƙudurin ba za a kashe ta ba sai ranar da makamin nukiliya na ƙarshe ya bar duniya. Sama da shekara 60 ke nan tana ci.

To su wa suka hana a kashe ta? Ai masu furannin ne. Obama ya je a 2016, ya yi jawabi mai daɗi, bai nemi gafara ba. A 2023 shugabannin G7 suka jeru a wurin, uku daga cikinsu, Amurka da Ingila da Faransa, suna da makamin a ajiye. Yau akwai kimanin 12,000 a duniya, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha.

Mu 'ya'yan kasuwa mun san alkawari kaya ne. Tun yarjejeniyar 1968 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu cewa za su nemi hanyar kwance ɗamara. Wanda ya ci bashinka, shekara hamsin yana cewa gobe, amma kullum yana zuwa yi maka jaje, wane suna za ka ba shi?

Wasu za su ce ai tsoron bam ɗin ne ya hana babban yaƙi. To Afirka ta Kudu ta ƙera guda 6, ta lalata su da kanta, wa ya ci ta da yaƙi? Nijeriya ma ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makamin ta 2017 a ranar 6 ga Agusta 2020. Babu ko ɗaya cikin masu makamin da ya sa hannu, har ita Japan ɗin ba ta sa ba, don tana fake a inuwar Amurka.

Ba na ƙin ziyara, duk wanda ya samu hali ya je ya gani. Amma shugaban da zai kai fure, a fara tambayarsa guda nawa ya kwance. In babu amsa, ya riƙe furensa.

Allah ya zaunar da mu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.