Rai Da Kalma Guda: Darasin Shari'ar Mumia Abu-Jamal

Babu wani hukunci da ɗan Adam zai yanke wa ɗan uwansa da ya kai hukuncin kisa nauyi, domin shi ne wanda in an zartar da shi, to ba a gyara shi. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa ya fita, amma wanda aka kashe bisa kuskure sai dai a tsaya a gaban Allah. Don haka ya kamata 'yan uwa matasa su tsaya su yi nazarin abin da ya faru a Amurka, inda ran mutum ya rataya a kan yadda alƙali ya tsara wasu 'yan kalmomi.

A tsarin Amurka, ba alƙali ne ke tabbatar da laifin kisa ba. Ana zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari, ana ce musu juri, su saurari shaidu, su yanke. Waɗannan mutane ba masana doka ba ne. Alƙali ne ke karanta musu bayanin abin da doka ta ce, su kuma su auna hujja da wannan ma'auni. To in ma'aunin ya karkace, ina hukunci zai miƙe?

A ranar 9 ga Disamba, 1981, aka harbe ɗan sanda Daniel Faulkner, mai shekara 25, a birnin Filadelfiya. A wajen aka samu Mumia Abu-Jamal, ɗan jaridar rediyo baƙar fata, shi ma da raunin harsashi. A Yulin 1982 juri suka same shi da laifi, suka yanke masa kisa. Dokar jihar Fensilbaniya ta ce kafin a yanke kisa sai an auna dalilan tsananta hukunci da dalilan sassautawa. Matsalar ita ce, bayanin alƙali da takardar da aka ba juri su cike an tsara su ta yadda za su iya ɗauka cewa ba a lissafa wani dalilin sassauci sai duk su 12 sun yarda da shi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wato in mutum 11 sun ga dalilin barin wanda ake tuhuma da ransa, mutum ɗaya ya ƙi, shi ke nan dalilin ya faɗi. A 1988, a shari'ar Mills da jihar Meriland, Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce irin wannan tsari ya saɓa wa tsarin mulki: kowane ɗaya daga cikin juri yana da haƙƙin ya auna dalilin sassauci shi kaɗai.

Duk da haka sai a Disambar 2001 alƙalin tarayya William Yohn ya soke hukuncin kisan, bayan Gwamna Tom Ridge ya sa hannu a takardar zartarwa har sau biyu, a 1995 da 1999. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da sokewar a 2008. Kotun Ƙoli ta mayar mata da maganar a 2010 ta sake dubawa, ta sake tabbatarwa a 2011. A Disambar 2011 mai gabatar da ƙara ya haƙura da neman kisa, hukunci ya koma ɗaurin rai da rai.

A lura da kyau: kotunan ba su wanke shi daga laifi ba. Laifin ya tabbata a wajensu, hukuncin ne kawai suka ce an bi gurɓatacciyar hanya wajen kai wa gare shi. Masu cewa ɗaukaka ƙara dabarar lauyoyi ce ta kuɓutar da masu kisa, ba su fahimci wannan bambanci ba.

Amma kada wani ya yi saurin yabon tsarin. A jihar Birjiniya, Lonnie Weeks ya kashe ɗan sanda a 1993. Juri suka aiko wa alƙali da tambaya a rubuce: shin in sun samu dalilin tsanantawa, wajibi ne su yanke kisa? Amsar gaskiya ita ce a'a. Maimakon ya faɗa musu haka ƙarara, sai ya mayar da su ga sakin layin da ya riga ya rikita su. Suka yanke kisa. A Janairun 2000 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta ce babu laifi, aka kashe shi a Maris na shekarar. Shi Mumia duniya ta san sunansa, ana zanga-zanga dominsa har a Faransa. Shi kuwa Weeks, wa ya san shi?

Sannan ga jinkiri. Shekara 29 Mumia ya yi hukuncin kisa na rataye a wuyansa, shekara 29 kuma iyalin Faulkner suna safa da marwa a kotuna, ana tayar musu da miki. Kuskuren da alƙali zai iya kauce wa da jumla ɗaya mai haske, sai da ya ci wa gida biyu rabin rayuwa. Haƙƙin wanda aka kashe da haƙƙin wanda ake tuhuma duk haƙƙi ne, kuma alƙali mai sakaci yana tauye su ne gaba ɗaya.

Abin da ya wajaba matasa su ɗauka a nan shi ne girman jini. In alƙalai da lauyoyi, da littattafansu da shekarun karatunsu, suna iya kuskure a kan kalma, to ina ga taron 'yan unguwa da ke yanke wa mutum hukunci a bakin titi da ihun "ɓarawo"? Wancan kuskure yana da kotun da za ta duba shi. Wannan kuwa ba shi da ɗaukaka ƙara sai ranar hisabi.