Sabuwar Wayar Kishiyata

Yau ba zancen soyayya na zo da shi ba, amma ku yi haƙuri, za ku ga ya biyo mu ta ƙofar baya.

Kwanakin baya na je Birnin Gwari gaida kakata, wadda ta haifi mahaifiyata. Kawuna ne ya ba ni saƙo in kai mata, dalleliyar Tecno babba, irin ta shafawa, don ta rabu da tsohuwar Nokiyarta da ta ɗaure da roba. Ina miƙa mata ta juya ta gaba da baya, ta taɓe baki ta ce, "Ke kishiya, wannan faranti ne ko madubi? Ina wurin dannawa?"

Na yi dariya har da hawaye. Daga baya na ji kunyar dariyar.

Ku da kuke Kano ko Zariya, waya abin hira ce a wurinku. A wurin tsofaffin garin nan kuwa wani abu ne daban. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama abin tsoro, baƙuwar lamba in ta kira sai gaban uwa ya faɗi, don ba ta san ko kuɗin fansa za a nema ba. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka rufe layukan waya a yankin saboda tsaro, sai ƙarshen Nuwamba aka buɗe. Wata biyu cur Kaka ba ta ji muryar ɗanta ko ɗaya ba. Ta ce min kullum sai ta kai Nokiyar nan caji, ta ajiye ta ƙarƙashin filo, ko Allah zai sa ta yi ƙara. Ko bayan sulhun Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar shanun garin, ba ta daina yin bisimilla kafin ta ɗaga kira ba.

To irin wannan baiwar Allah ce za a ce ta saki wayar da ta sani, ta kama wadda ko taɓa ta ka yi sai ta tafi wani wuri.

Kwana uku muka yi muna karatu. Ba ta karanta boko, sai na sa wa kowace lamba hoton mai ita. Na koya mata saƙon murya na WhatsApp: danna, riƙe, yi magana, saki. Na kuma ja kunnenta, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambobin da suka shigo, ta kashe kawai. Ranar da ta ga fuskar autarta a bidiyo, sai da ta gyara ɗankwali tukuna, ta kasa cewa komai sai kuka.

Ga inda raina ya ɓaci. Sati biyu da dawowata na kira ta, sai 'yar kawuna ta ɗauka, yarinyar da ke aji biyar a sakandare. Ashe wayar ta koma hannunta. Ta sa mata lambar sirri, ta cinye data wajen hira da wani saurayi har tsakar dare, Kaka kuwa ta koma kan ƙaramar wayarta. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ƙyale ta, ai su ne 'yan zamani." Ba za ta taɓa kai ƙara ba, kun san halin kakanni.

Na san da yawanku haka kuke yi, kada ma ku musa. Wallahi ba kyau. Ba aron ne laifin ba, a'a, ki kulle wa tsohuwa abinta, ki bar ta tana jiran ki dawo makaranta kafin ta ji muryar 'ya'yanta. Shi kuma saurayin da ke kiran wayar kakarki ƙarfe ɗayan dare, in da gaske yake, ai ya san hanyar zauren gidanku.

Na sa an cire lambar sirrin. Jiya da asuba saƙon Kaka ya shigo, minti uku. Minti biyun farko ba abin da take cewa sai, "Yana ɗauka kuwa? Ke, zo ki duba min, yana ɗauka?" Sannan ta gaishe ni, ta ce in faɗa wa Kawu farantin nan yana shan wuta da yawa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.