Baiyun: Gundumar bayan garin Guangzhou da farashin kayanmu ke rataye da ita

Duk ɗan kasuwar da ya tashi daga Maraɗi, Garwa ko Njamena zuwa ƙasar Sin sarin kaya, da wuya ya dawo bai taka gundumar Baiyun ba. Tana arewacin birnin Guangzhou, kuma a ƙidayar 2020 an samu mutum sama da miliyan 3.7 a cikinta, abin da ya sa ta fi kowace gunduma ta birnin yawan jama'a. A gefenta na arewa babban filin jirgin saman Guangzhou yake, wanda aka buɗe a 2004.

A kudancin gundumar akwai unguwar Sanyuanli, inda kasuwannin sarin tufafi, takalma da jakunkuna suka daɗe suna jan 'yan kasuwar Afirka ta Yamma. Can ciki kuma ƙananan masana'antu ne birjik, musamman na kayan shafe-shafe da na fata.

Sirrin arhar Baiyun yana cikin tsoffin ƙauyukan da birni ya haɗiye. Filayensu mallakar jama'ar ƙauye ne a dunƙule, don haka manoman da suka rasa gonaki suka riƙa gina benaye a matse, suna ba baƙin ma'aikata haya da rahusa. Ɗaki mai arha shi ke sa tela da mai haɗa jaka su iya karɓar ƙaramin albashi, shi ke kuma sa mai sari ya samu ma'ajiya kusa da kasuwa.

Wannan tsari ne yanzu ke fuskantar canji. A watan Yulin 2023 gwamnatin Sin ta ba da umarnin sake gina irin waɗannan ƙauyuka a manyan birane, sannan Guangzhou ta kafa tata dokar a 2024. A ƙarshen 2023 kuma aka buɗe katafariyar tashar jirgin ƙasa ta Baiyun, wadda ke ƙara wa filayen kewayenta daraja. Hukumomi na kafa hujja da cunkoso da haɗarin gobara, kuma hujjar tana da tushe. Sai dai idan aka rushe lungu aka kafa dogon bene, haya kan tashi, ƙananan masana'antu kuma su nausa nesa.

Ga baƙin Afirka, wannan ƙari ne kan tsohon ciwo. An tsaurara dokar shige da fice tun 2013, sannan a watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, har Najeriya ta nemi bayani daga jakadan Sin. Wasu sun koma birnin Foshan da ke maƙwabtaka, wasu kuma sun gwammace yin oda ta waya ta hannun dillalai.

Babban attajiri mai cika kwantena daga masana'anta kai tsaye ba zai ji jiki sosai ba. Wanda abin zai taɓa shi ne mai ƙaramin jari, da ke tsintar kaya shago-shago ya haɗa kwantena da wasu, kafin ta sauka a Lome ko Duwala. Idan hayar Sanyuanli ta hau, mai sayen takalmin salla a Damagaram ne zai biya cikon.